Ranar da Aka Ce Na Ci Kuɗin Ƙwai

Karatu: 1 Sama'ila 25

Da aka ce wannan makon ni ce zan rubuta, na so in ɗauko aya guda in yi ɗan bayani a kanta in huta. Amma akwai abin da ya same ni bara, wanda da yawanku kun ga farkonsa da idonku, ba ku kuwa san yadda ya ƙare ba. Na nemi izinin wadda abin ya haɗa mu, ta ce in rubuta, sai dai kada in kama sunanta. Saboda haka zan kira ta Mama, yadda dukanmu muke kiranta.

Kun san al'adarmu ta Asabar ɗin farko a kowane wata: addu'ar asuba, sai mu karya kumallo tare, sa'an nan mu share majami'a. Lokacin da aka ɗora mini aikin karin kumallon nan, ba shi da wata wahala. Shayi ne da madara, da burodi, da dafaffen ƙwai ɗai-ɗai. Abin da matasa suka tara a wata yakan isa, har a sami ɗan canji.

Sai ranar 29 ga Mayu, 2023 ta zo, aka ce an cire tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, kome kuma ya bi ta a guje. Zuwa tsakiyar 2024, alƙaluman gwamnati da kansu sun ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100. Ni ba a takarda na gani ba, a kasuwar Dutsin-Ma na gani. Kuɗin da a da yake saya mini kiret biyu na ƙwai ya koma da ƙyar yake ɗaukar ɗaya. A daidai lokacin ne kuma masu zuwa addu'ar suka ƙaru, domin iyalan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan gefen dajin Rugu sun shigo gari, wasunsu suna sujada tare da mu, suna kuma zuwa da yara. Kuɗi yana raguwa, bakuna suna ƙaruwa.

A nan ne dabara ta zo mini. A makaranta an koya mana cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyin waken soya sinadarin gina jiki ne, farin wake kuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Na yi lissafi na ga tiya guda ta waken soya za ta shayar da mutanen da gwangwanayen madara da yawa ba za su shayar ba. Na ce to, me zai hana?

Na shiga gwaji a gida. Ina da wani tsohon littafi da nake rubuta bayanan taronmu a gabansa, sai na mai da bayansa wurin rubuta girki: tiya nawa, ruwa nawa, awa nawa aka jiƙa, me ya fito. Awarar da na fara yi ta dagargaje a cikin mai kamar dambu. Kunun gyaɗa ya tsinke. Ɗanwake kuwa na cika masa kanwa, ƙanena ya ci loma ɗaya ya ce shi yau azumi yake yi. Amma a hankali abubuwa suka fara kama hanya, ni kuma kaina ya fara girma. Ban tambayi kowa ba, ban gaya wa shugabanmu ba, ban shawarci zumuntar mata ba. So nake in ba mutane mamaki.

Taron Agustan 2024 bai yiwu a ranarsa ba, domin makon ne aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa har aka sa dokar hana fita a Dutsin-Ma. Aka ɗaga shi zuwa tsakiyar wata. Ran nan na tashi tun ƙarfe 3 na dare. Na kawo madarar soya cike da fulas-fulas, da soyayyar awara, da kwaɗon zogale da ƙuliƙuli. Babu burodi, babu ƙwai.

Mama ce ta uku a layi. Ta karɓi kofi, ta kurɓa, ta juya ta tofar. Sa'an nan ta ɗaga murya yadda har na bakin ƙofa suka ji:

"Wannan kuma mene ne? Ruwan wankin wake? An tara kuɗin ƙwai an damƙa miki, kin kawo mana abincin awaki. Ina kuɗin suka shiga? Ko don kin ga mu 'yan gudun hijira ne, kome aka zuba mana sai mu lashe?"

Wuri ya yi tsit. Sai wani daga baya ya yi dariya, wasu biyu suka taya shi. Har yau idan na tuna, dariyar nan ta fi maganar yi mini ciwo.

Ban ce kome ba. Bayan an tashi, mutane suka yi ta zuwa suna cewa, "Kai, 'yar'uwa, kina da haƙuri." Bari in faɗa muku gaskiya yau: ba haƙuri ba ne. Maƙogwarona ne ya toshe. Kafin in gama wanke kofuna na riga na shirya amsata, na kuma goge ta tas. Ni ce nake riƙe da takardar sunayen iyalan da ikkilisiya take ba masara daga asusun taimako, sunan Mama kuma yana ciki. Na ƙudura cewa gobe bayan sujada, a gaban matan zumunta, zan ce mata, "Mama, wanda ake ciyarwa ba ya zaɓen miya. Ko sisi kin taɓa sakawa a asusun da kike tambaya?" Daga nan in ajiye littafi in ce a nemi wata.

Dama na yi alkawarin kai wa mahaifiyata magani a Ɗantutture ran nan. Na hau babur da azahar da niyyar in juyo kafin magariba. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kama sunana. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Ke, wa ya mutu?"

Na zazzage mata labari duka, har da amsar da na tanada. Ba ta ɗaga kai daga faifai ba. Da na gama ta ce, "Kin zo da sauran abin?" Akwai ragowa a jarka, na zuba mata. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta haɗiye da ƙyar.

"A kan kuɗi matar nan ta zalunce ki," in ji ta. "Na san abin da na haifa. Amma a kan wannan ba ta yi ƙarya ba. Bai dahu ba. Ga gafi nan har maƙoshi."

Na ce, "Inna, ya tafasa! Da idona na ga ya taso har yana neman zuba."

Ta ce, "Kumfa kika gani."

Ban so jin haka ba. Na zo neman mai taya ni faɗa, na sami mai ɗanɗana mini girki. Na tashi zan tafi, sai hadari ya haɗu, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, babu mai babur da zai fita. Dole na kwana. Inna ta jiƙa waken soya kafin mu kwanta, ba ta ƙara ce mini kome ba.

Da asuba muka yi addu'a. Idon Inna ya yi rauni, ni nake yi mata karatu idan na je. Ta miƙo mini Littafi Mai Tsarki ta ce, "Nemo mini labarin matar nan mai jakuna." Na gane wadda take nufi.

Kun san labarin. Dawuda yana jeji da mutanensa, sun tsare makiyayan wani attajiri mai suna Nabal, ko ɗan rago bai ɓata ba. Lokacin sausayar tumaki ya aiki samari 10 da gaisuwa ta ladabi, yana roƙon abin da ya sawwaƙa. Nabal ya mai da su hannu wofi, ya haɗa musu da baƙar magana, ya kwatanta Dawuda da bawan da ya gudu daga ubangidansa. Dawuda ya ce kowa ya rataya takobi. Mutum wajen 400 suka bi shi, da niyyar kada namiji ko ɗaya ya kwana da rai a gidan. Abigail matar Nabal ta ji, ta yi sauri ta labta wa jakuna abinci, ta tare shi a hanya.

Tun ina makarantar Lahadi, duk sa'ad da aka ba da labarin nan, a wurin Abigail nake ajiye kaina: mace mai hankali, mai kashe wuta. Ran nan ina karantawa sai muryata ta fara rawa, domin na ga inda nake tsaye. Ina cikin masu takobi. Dawuda ma ai gaskiyarsa ce, an yi masa rashin mutunci bayan ya yi alheri. Amma abin da ya tashi yi ya fi abin da aka yi masa muni nesa ba kusa ba. Da hankalinsa ya komo, ya yabi Allah da ya aiko matar, ya kuma sa mata albarka don ta hana shi ɗaukar fansa da hannunsa.

Takobina ita ce takardar nan. Ikkilisiya ta ba ni ita amana, don a rufa wa mutane asiri. Da na buɗe baki na faɗi abin da na shirya, ba Mama kaɗai zan sara ba. Duk gidan da sunansa yake ciki zai ji cewa buhun masarar da ake kai masa da dare yana da ranar gori. Wasu da yunwa za ta fi musu sauƙi a kan su sake karɓa. Da na rama zagin minti ɗaya da ɓarnar da shekara ba za ta gyara ba.

Da gari ya waye aka kai markaɗe. Inna ta tace ƙullun da ƙyalle, ta ɗora a murhu, ta ce in tsaya in gani. Ba a daɗe ba kumfa ta taso fari fat har bakin tukunya. A nan ne ni nake saukewa. Ita kuwa sai ta janye itace biyu, ta yi ta motsawa da ludayi, kumfar ta faɗa, can sai ainihin tafasar ta zo daga ƙasa. Ta bar shi yana ɓararraka wajen minti 20. Daga baya na bincika na ga masana ma haka suka ce: madarar soya tana yin kumfa tun kafin ta kai zafin tafasa, ɗanyen waken kuma yana da wani sinadari da yake hana ciki narka abinci yadda ya kamata, wuta ce kaɗai take kashe shi. Da na komo gari aka gaya mini yara biyu sun yi fama da kumburin ciki ran Asabar ɗin. Ashe abin da na raba wa mutane da alfahari, ɗanye ne.

Inna ta ɗebi na sha ta ajiye, sauran kuma ta ɗauko ruwan tsamin kamu ta fara zubawa kaɗan-kaɗan. Nan da nan madarar ta tsinke, awara ta taru a sama, ruwa ya ware. Ta kwashe ta zuba a buhu, ta ɗaure, ta ɗora dutse. Tana zubar da ruwan a bayan danga ta ce, "Kin gani? Ba don tsamin nan ba da ba ta kama jikinta ba. Amma ba wanda yake shan ruwan. A kwashe abin kirki, a zubar da saura. Maganar matar nan ma haka za ki yi da ita."

Na komo Dutsin-Ma ran Litinin da abu biyu a raina. Na fari, na zauna na rubuta lissafin kuɗin karin kumallo na wata shida, abin da ya shigo da abin da ya fita, na kai wa ma'aji ya duba, aka karanta a taron matasa, aka manna a allon sanarwa. Ba wanda ya taɓa tambayata lissafi a da, ni ma ban taɓa bayarwa ba. Sata ban yi ba, amma na bar ƙofar zargi a buɗe.

Na biyu ya fi wuya. Na dafa madarar yadda Inna ta nuna mini, na sa citta da kanumfari, na soya awara, na nufi ɗakin da Mama take haya da jikokinta. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Mama, na zo ne in ce kin yi gaskiya a kan madarar nan, ba ta dahu ba, ki gafarce ni. Ga wata na kawo ki ɗanɗana mini. Kuɗi kuwa ban ci ba, lissafi yana allo."

Ta daɗe tana kallona. Ta gutsuri awara ta tauna, ta ce, "Gishiri ya yi kaɗan."

Na zauna a bakin tabarma, magana ta jawo magana. A ƙauyensu tana da shanun noma biyu, da awaki, da zabi masu yawa. Ta ce tunda take ba ta taɓa sayen ƙwai da kuɗi ba. Da damina, lokacin da zabi suke zuba ƙwai, ita ce take cika ƙwarya ta aika gidan fasto. Dare ɗaya aka kore dabbobin duka, suka fito da kayan jikinsu. Sai ta nuna ƙaramin jikanta da haɓa ta ce, "Wannan tun ran Litinin yake tambayata saura kwana nawa Asabar ɗin ƙwai. An ɗaga, ya sake ƙirgawa. Muka zo, babu."

Ban sami abin cewa ba. Ni a lissafina ƙwai layi ne guda da na soke da biro don kuɗi su isa. Ban taɓa tambayar kaina wa yake jiransa ba.

Kada ku ɗauka ina wanke abin da Mama ta yi ne. Kiran mutum ɓarawo a bainar jama'a ba tare da shaida ba zunubi ne, ko mai faɗin yana cikin baƙin ciki. Wani dattijon ikkilisiya ya je ya same ta a keɓe ya gaya mata haka, daidai ne kuma da ya je. Haƙurin mai bi ba ya nufin a bar ƙarya ta zauna daram. Har yau Mama ba ta buɗe baki ta ce mini in yi haƙuri ba, na kuma daina jira. Amma a watan Oktoba, ina hura wuta da duhun asuba, sai na ji motsi a bayana. Ita ce, da kaskonta a ka. Ta ce, "Matsa, 'yar nan, ba ki iya buga ƙullun ƙosai ba." Tun daga ranar ita take suyar.

Yanzu mu huɗu ne muke tsara abin da za a ci, ba ni kaɗai ba. Wani watan koko da ƙosai, wani watan kunun gyaɗa da alala, wani ɗanwake da yaji da man gyaɗa. Da damina mukan ƙara kwaɗon zogale ko na tafasa. Madarar soya ma ta dawo, dafaffiya, har ana neman ƙari. Dusar da ta rage bayan tata tana zuwa wa kajin Mama, domin yanzu tana da guda biyar. Yara ƙanana kuwa kowa yana samun ƙwansa, da shi muke fara lissafi kafin kome.

Abin da ya ba ni kunya da kaina shi ne, duk gwaje-gwajen da na cika littafi da su, iyayenmu sun riga mu. A Ɗantutture da ɗumamen tuwo da miyar kuka da daddawa aka tashe mu, ko koko da ƙosai. Mu ne muka shigo gari muka ɗauka shayi da burodi shi ne wayewa. Hatsi da wake kuwa idan sun haɗu a ciki suna cika wa juna, abin da gero ya gaza a wajen gina jiki wake yana da shi, abin da wake ya gaza gero yana da shi. Ban ce kowa ya bar nama da nono da ƙwai ba, akwai abin da jiki yake samu a cikinsu wanda tsiro ba ya bayarwa, musamman ga yara da masu juna biyu. Cewa nake, wanda ya karya da kunu da ƙosai kada ya sunkuyar da kai kamar ya yi abin kunya.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kai ma za a gaya maka baƙar magana, idan ba a riga an gaya maka ba: a aji, a shago, a gidan miji, har a ƙofar majami'a. Amsar da takan fara zuwa bakinka ita ce mafi kaifi, sau da yawa kuma da sirrin da aka ba ka amana ake wasa ta. Ka bar ta ta kwana. Ka nemi mutum mai tsoron Allah wanda ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya, ba wanda zai ƙara maka itace ba. Ka tambayi kanka ko akwai abin gyara a cikin maganar, ko da rabin cokali ne, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da yake ƙarya ka amsa shi a fili, da hujja, ba da gori ba. Sauran ka bar wa Ubangiji, wanda aka zage shi fiye da yadda za a taɓa zaginmu bai kuwa rama ba.

Ku kuma da kuka yi dariya ran nan, na san ku, na kuma yafe tuni. Roƙona kawai, idan aka sake tozarta wani a gabanku, ko ba ku iya cewa kome ba, ku matsa kusa da shi ku tsaya.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka san maganganun da aka gaya mana waɗanda har yanzu suke mana zafi, ka kuma san waɗanda muka tanada don mu rama. Ka aiko mana da mai tare mu a hanya kafin mu yi ɓarna. Ka ba mu tawali'un karɓar gyara ko daga bakin da ya yi mana ciwo. Ka tuna da 'yan'uwanmu da aka raba da gidajensu da gonakinsu, ka ba ƙasarmu salama, ka kuma ba mu abincin yau. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

Asabar ta farko tana nan tafe. Kunun gyaɗa ne da ƙosai, kowa ya zo da kofinsa.